Ƙullin da Aku Ba Ta Kalla Ba

"Ni zan ɗaure!"

"Ke? Ke da ko igiyar takalminki sai Umma ta sake ɗaure miki?"

"Kai, Yaya! Wannan ai tun ina aji ɗaya ne."

"Shekaranjiya fa aka yi!"

"To, shekaranjiyar ma ai ta wuce. Sakar mini igiya!"

Yarinyar ta riƙe bakin igiya ɗaya. Yayanta ya riƙe ɗayan. Ya ja, ta ja. Ta ja, ya ja. Bokitin abinci yana tsakaninsu a ƙasa, shiru, kamar mai jiran a yanke masa hukunci.

Kowa a gidansu Aku yake ce mata. Ba don tana da fiffike ba. Sai don duk abin da kunnenta ya ji, bakinta zai maimaita shi tsaf. Ta iya tarin Baba. Ta iya tsawar malamar lissafi. Ta iya kukan ƙofar ɗakin girki. Ran nan ta laɓe a waje ta yi muryar mai sayar da ruwa, har Umma ta fito a guje da bokiti a kowane hannu.

Amma yau ba a gida suke ba. Suna can wani tsibiri a tsakiyar babban tafki.

Baba direban babbar mota ne. Kullum yana kan hanya. Wani lokaci sai yara sun yi barci yake dawowa, kafin su tashi ya sake fita. Da ya samu hutu bana, sai ya ce, "Ku shirya. Zan kai ku inda babu ƙarar mota."

Ashe ba ƙarar mota kaɗai ce babu ba. Babu famfo. Babu wutar lantarki. Babu shago, babu banɗaki, waya ma ba ta kama komai. Sai bishiyoyi, da yashi, da wani dogon dutse a tsakiyar tsibirin. Tun suna cikin ruwa Auta, ƙanwar Aku, take nuna dutsen tana tsalle, har kwalekwale yana tangaɗi.

"Zauna, kar ki kifar da mu," in ji Baba. "Gobe da safe za mu hau shi. Har ƙololuwa."

Wani tsoho mai kwalekwale ne ya kawo su da hantsi. Da ya sauke musu kaya, sai ya miƙa wa Baba wani jan ƙyalle.

"In wani abu ya taso, ka ɗaura wannan a kan sanda a bakin ruwa," in ji shi. "Daga can gaɓa ina hangowa, zan zo in kwashe ku. In ban ga ja ba, sai jibi." Ya tura kwalekwalensa, sannan ya waiwayo. "Ku kula da birai fa. Biran nan ba su da kunya."

Bai yi nisa ba Aku ta ranƙwafa, ta dafa sanda, ta shaƙe murya. "Biran nan ba su da kunyaaa." Auta ta faɗi a yashi don dariya.

Daga nan aiki ya kankama. Baba ya zaɓi wuri mai ɗan tudu, nesa da ruwa, inda babu busasshen reshe a sama. Suka share tsakuwa da ƙaya. Suka kafa tanti, wanda Baba ya ɗinka da tsohon tampol ɗin motarsa. Kafin ya tsaya sai da ya rufto wa Yaya a ka. Umma ta jera duwatsu a kan yashi ta yi murhu. Ta ce duk ruwan da za a sha sai an tafasa shi. Yaya ya ɗauki ɗan shebur, ya tafi can bayan ciyayi ya haƙa ramin bayan gida, yana ƙunƙuni. "Wai wannan shi ne hutu!"

Bayan sun ci abincin rana, Baba ya tara yaran a gindin wata ƙatuwar bishiya, nesa da tanti. Ya zuba duk abincinsu a babban bokiti mai murfi. Shinkafa, burodi, biskit, sukari, ganyen shayi, gishiri, albasa da ayaba. Ya ɗaura doguwar igiya a hannun bokitin, ya jefa ta kan reshe. Sannan ya ɗauko wata gajeriya.

"A daji, abinci ba ya kwana inda mutum yake kwana," in ji Baba. "A sama ake rataye shi, saboda ɓeraye da kiyashi. Biri kuwa hawa ba ya ba shi wuya. Murfi ma yana buɗewa. Abu ɗaya ne yake gagararsa: wannan ƙullin. Da shi nake ɗaure kaya a mota. Ku kalli hannuna."

Yaya ya kalli hannun. Aku kuwa tana bayan Baba. Ta turo ciki, ta ɗaure fuska, tana motsa baki irin nasa. Auta ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa.

"Ahm! A zagaya," in ji Baba. "A sake zagayawa. A cusa. A ja. Shi ke nan."

Ya kwance ƙullin, ya ajiye igiyar. "To, ɗayanku ya ɗaure murfin. Bari in kai wa Umma itace."

A nan ne rigimar ta ɓarke. Suna cikin ja-in-ja Baba ya dawo.

"Kai! Kai! Igiyar za ku tsinka mini?"

"Baba, ba ta ma kalla ba!" in ji Yaya.

"Na kalla!"

"To, faɗa mini yadda ake yi," in ji Baba.

Aku ta saki igiya. Ta turo ciki. Ta sosa gemun da ba ta da shi. "Ahm! A zagaya. A sake zagayawa. A cusa. A ja. Shi ke nan."

Muryar Baba ce sak. Har Umma ta ɗago kai daga murhu ta ce, "Maigida, da ni kake?"

Baba ya yi dariya har da hawaye. "Ja'ira! To, ɗaure. Kai kuma zo ka kama mini wancan kututturen."

Yaya ya tafi yana harararta. Aku ta yi masa gwalo. Ta durƙusa gaban bokiti. Ta zagaya igiya a kan murfi. Lafiya lau. Ta sake zagayawa. Lafiya lau.

"A cusa," ta ce a hankali. Sai hannunta ya tsaya cak.

A cusa a ina? Ta sama ko ta ƙasa? Ta dama ko ta hagu? Bakinta ya san maganar. Hannunta bai san komai ba.

Baba bai yi nisa ba. Da ta ɗan ɗaga murya zai ji. Amma Yaya ma zai ji. Har ta hango shi ya riƙe ƙugu yana cewa, "Ban faɗa ba?" Har su koma gida yana faɗa. Har su tsufa yana faɗa.

Sai ta cusa igiyar inda ta ga kafa. Ta ja a hankali, don kada abin ya warware. Ƙullin ya yi kyau a ido. Har ta ɗan gyara masa wutsiya.

"Aku, ya yi ƙarfi?" Baba ya tambaya daga nesa.

"Kamar dutse, Baba!"

Ita da Auta suka ja doguwar igiya. Bokiti ya yi sama yana lilo. Yaya ya zo ya ɗaure ta a jikin bishiya. Babu wanda ya duba ƙullin murfin.

"Madalla," in ji Baba. "Ku sa takalma. Mu je mu ga maƙwabtanmu."

Suka kutsa cikin daji a jere, Baba a gaba, Umma a baya. Wurin sanyi ƙalau, sai ƙamshin ganye da danshin ƙasa. Auta ta ga malam-buɗe-littafi mai faɗin tafin hannu, ta ƙwalla ihu. Yaya ya ga sawun wata dabba a laka, ya rantse na zaki ne. Umma ta ce zakin da ya iya tuƙa kwalekwale ke nan. Aku ta manta da ƙulli sam. Duk tsuntsun da ya yi kuka sai ta amsa masa.

Can sai Baba ya ɗaga hannu. "Shhh. Ku dubi sama."

Birai ne, tuli guda. Wasu suna cin 'ya'yan itace. Wata uwa tana yi wa ɗanta tsifa. A reshen da ya fi kowanne tsayi, wani tsohon biri mai furfura yana zaune shi kaɗai. Ba ya ci, ba ya wasa. Sama kawai yake kallo.

Sai wata inuwa ta gifta. Mikiya ce, ta buɗe fiffike.

Tsohon birin ya miƙe. Ya ɗaga kai, ya kumbura wuya, ya ja iska har cikinsa. "Kak! Kak! Kurrr-kak!"

Kafin ƙiftawar ido birai sun watse. Kowa ya saki abin da ke hannunsa. 'Ya'yan itace suka zubo ƙasa, tim, tim, tim. Ɗaya ya sauka a tsakar kan Yaya.

Aku ta saki baki tana kallon tsohon birin. Ba ta ko ƙifta ido ba. Tuni maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi. Ta ɗaga kai za ta gwada.

Baba ya dafa kafaɗarta. "A'a. Wannan kukan ba na wasa ba ne. Gidansu muka zo. Ba a tsorata masu gida a banza."

Aku ta haɗiye kukan da ƙyar.

Suka fita ta ɗaya gefen tsibirin. Suka yi wasan ruwa a inda bai wuce gwiwa ba. Auta ta cika aljihu da bawon katantanwa. Sai da rana ta yi sanyi suka juyo, cikinsu yana kiran abinci.

"Ni shayi da burodi," in ji Yaya.

"Ni biskit," in ji Auta.

Sun kusa tanti sai Umma ta tsaya. "Maigida, wannan ba ledar burodinmu ba ce?"

Ita ce. Tana rataye a jikin ƙaya, babu komai a ciki. Gaba kaɗan ga ɓawon ayaba. Gaba kuma ga wani.

Suka ruga a guje.

A gindin ƙatuwar bishiya biki ake yi. Bokiti yana lilo a sama, a karkace, bakinsa a buɗe. Wani biri ya kifa murfin a ka kamar malafa. Wani ya cusa fuska a cikin sukari, ya fito da farin gemu. Ƙanana biyu suna kokawa a kan biskit. Wani ƙato kuwa ya rungumi ɗan buhun shinkafa, yana jan sa zuwa saman bishiya.

"Kai! Kai! Ku bar nan!" Baba ya daka tsawa.

Umma ta ɗauki tukunya da cokali tana bugawa. Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan! Biran suka dube ta. Mai malafa ya sosa ciki, ya ci gaba da abin da yake yi.

"Tsohon nan ya faɗa," in ji Umma. "Ba su da kunya!"

Yaya ya sunkuya ya ɗauki dutse.

"Ajiye!" in ji Baba. "Ba a jifan su." Ya ɗaga kai yana kallon ƙaton birin. Fuskarsa ta canza. "In shinkafar nan ta tafi, shi ke nan. Yanzu zan ɗaga jan ƙyalle. Ba zan ajiye ku a tsibiri da yunwa ba."

"Dutsen fa?" in ji Auta. "Baba, ka ce har ƙololuwa!"

Hannun Baba ya riga ya shiga aljihu. Aku ta ga bakin jan ƙyallen ya leƙo. Auta ta fashe da kuka.

Buhun ya ƙara yin sama. Shinkafa tana tsiyaya ta wani ɗan rami, sharrr.

"Baba," in ji Aku da sauri. "Kukan tsohon birin nan. Yanzu ba a banza ba ne. In yi?"

Baba ya dube ta, ya dubi buhun. "Yi!"

Aku ta buɗe baki. "Kik! Kik!"

Kamar ɗan tsako. Ƙaton birin ya leƙo ƙasa, ya karkata kai, kamar zai ce, "Wannan kuma lafiyarta?"

Aku ta runtse ido. Ta tuno tsohon birin. Shi kam ta kalle shi da kyau. Me ya yi ma? Ya miƙe. Ya ɗaga kai. Ya kumbura wuya. Ya ja iska har ciki.

Ta miƙe. Ta ɗaga kai. Ta kumbura wuya. Ta ja iska har cibiyarta.

"KAK! KAK! KURRR-KAK!"

Wayyo! Sai ka ce an kunna wa bishiyar wuta. Murfi ya yi sama, ya dawo ƙasa yana juyi. Mai farin gemu ya yi tsalle ya bar ƙura ta sukari. Buhun shinkafa ya faɗo, dim! Ganye ya motsa, ya motsa, sannan wurin ya yi tsit.

"Sun gudu!" Auta ta yi tsalle, hawaye a kumatunta. "Aku ta kore su!"

Har Yaya sai da ya tafa. Amma Aku ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan gajeriyar igiya, wadda take kwance a ƙasa.

Baba ya ɗauke ta. Ya duba wannan bakin, ya duba wancan. Ba ta tsinke ba. Ba a cije ta ba. Warwarewa kawai ta yi.

Yaya ya riƙe ƙugu, ya buɗe baki. Umma ta yi masa wani kallo. Ya rufe.

"Baba," in ji Aku, kanta a ƙasa. "Ban iya ƙullin ba. Lokacin da kake nunawa, ina bayanka ina kwaikwayonka. Maganar na ji. Hannunka ban kalla ba."

"Amma na tambaye ki ko ya yi ƙarfi."

"Ƙarya na yi, Baba. Ka yi haƙuri."

"Me ya hana ki ce ba ki gane ba?"

"Kar Yaya ya yi mini dariya."

Baba ya tsuguna har fuskarsu ta zo daidai. "Dariyar Yaya da abincinmu duka, wanne ya fi nauyi?"

"Abincin," in ji Aku, da 'yar ƙaramar murya. Wannan muryar tata ce, ba ta kowa ba.

"Ni ma da laifina," in ji Baba. "Kin ba ni dariya, na manta ban zo na ja ƙullin na gani ba. To, tashi. Duk leda da takardar da biran nan suka watsar, ke za ki tsince. Yadda muka sami wurin nan haka za mu bar shi."

Aku ta shiga tsinta. Ta shiga ƙaya, ta shiga ciyawa. Can sai ta ga wani hannu yana tsinta kusa da nata. Na Yaya ne.

"Da kin tambaya, da na yi dariyar," in ji shi. "Amma da na nuna miki."

Umma ta tattara abin da ya rage. Burodi ya tafi. Biskit, sukari da ayaba sun tafi. Saura gishiri, ganyen shayi, da albasa guda wadda wani biri ya ciza ya yar. Ta ɗaga buhun shinkafa ta jijjiga.

"Rabinta ya zube," in ji ta. "Ita kaɗai ba za ta kai mu jibi ba. Sai in da abin haɗawa."

Baba ya dubi tafki, ya dubi rana. Ta fara yin ja. "Akwai fatsa a jakata. In mun sami kifi kafin rana ta faɗi, mun zauna. In ba mu samu ba, da safe zan ɗaga ƙyalle. Ba na son gardama."

Suka ruga bakin ruwa. Yaya ya tono tana a laka. Baba ya sari dogayen sanduna. Ya zauna zai ɗaura zare.

"Ƙullin nan ne dai," in ji shi. "Ahm! A zaga..."

"Tsaya, Baba." Aku ta zagayo gabansa, ta durƙusa. Ta kafa wa yatsunsa ido. "To, yi. A hankali."

Baba ya yi.

"Ban gane wurin cusawar ba. Sake."

Yaya ya yi "hihi." Aku ta ji shi sarai. Ashe dariyar ba ta cizo. Ko ƙaiƙayi ba ta yi mata ba.

Baba ya sake. Ashe ta ƙasa ake cusawa, a ƙarƙashin zagaye na biyu. Aku ta karɓa ta gwada. Ya warware. Ta sake gwadawa. Ya zame. Ta cije leɓe ta sake. Ta ja da ƙarfi. Ƙulli ya ƙara matsewa.

"Ba ni in gani," in ji Baba. Ya ja, ya ja. Bai motsa ba. "Yauwa! Yanzu hannu ya iya."

Suka jefa fatsa. Shiru. Rana tana ta sauka. Auta ta tsuguna a bakin ruwa tana roƙo. "Kifi, don Allah ka zo. Ba za mu yi maka komai ba."

"Ke, ƙarya ta isa haka yau," in ji Umma.

Sandar Yaya ta motsa. Ya fizga da ƙarfi. Ciyawa ce. Ta Baba ta motsa. Kifin ya cinye tanar ya gudu. Gefen rana ya taɓa ruwa. Baba ya sa hannu a aljihu.

Sai sandar Aku ta lanƙwashe.

"Baba! Baba! Yana ja na!"

"Riƙe! Kar ki saki! Ja baya a hankali!"

Ta ja baya. Abin ya ja gaba. Ƙafarta ta shiga ruwa. Yaya ya yar da tasa sandar ya kama ƙugunta. Auta ta kama rigar Yaya. Umma tana ta salati. Zuciyar Aku tana faɗin abu ɗaya: ƙulli, ka riƙe! Ƙulli, ka riƙe!

Ƙulli ya riƙe. Wani ƙaton kifi ya yi tsalle ya faɗo kan yashi, yana fal-fal-fal. Tsawonsa ya kai hannun Baba.

Ihun da suka yi sai da ya tashi tsuntsaye. Kafin duhu Baba ya ƙara kama biyu ƙanana.

"Mun zauna?" in ji Auta.

Baba ya fito da jan ƙyalle. Kowa ya zuba masa ido. Ya warware shi, ya goge gumin goshinsa, ya mayar aljihu. "Mun zauna."

Umma ta gasa kifi, ta dafa 'yar shinkafa da gishiri da sauran albasar biri. Suka sha shayi babu sukari. Yaya yana kurɓa yana yamutsa fuska yana kallon Aku. Ta shanye nata tas. Da aka gama, ita ta ɗaure murfin bokiti. Ta kira Baba ya ja, ta kira Yaya ya ja, sannan aka rataye.

Da gari ya waye suka kama hanyar dutse. Hawan da wuya. Wani wurin da ƙafa, wani wurin da rarrafe. Auta ta ƙi a goya ta. Tana haki tana cewa, "Ni da kaina! Ni da kaina!"

Sai ga su a ƙololuwa. Iska tana kaɗa rigunansu. Tafki ya kewaye su ko'ina, yana ƙyalli kamar madubi. Can nesa ga kwalekwalen tsoho, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ga tantinsu a ƙasa kamar hular yaro.

"Ku duba! Ku duba!" Yaya ya nuna ƙatuwar bishiya.

Birai ne a kan bokiti. Wannan ya ja igiya, wancan ya ja. Ɗaya ya hau murfi yana tsalle. Ƙulli ko gezau. Daga baya suka gaji, suka watse.

Aku ta yi tsalle har Umma ta riƙo rigarta.

Suka zauna a kan dutsen suna hutawa. Baba ya jawo Aku kusa da shi. "To, Aku sarkin baki. Me kika koya a tsibirin nan?"

Aku ta fara turo ciki, sai ta fasa. Ta yi magana da muryarta.

"Na koyi cewa iya faɗin abu daban, iya yin sa daban. In ana koya mini abu, in kalla da kyau, in bar wasa sai an gama. In ban gane ba, in ce ban gane ba, ko da za a yi mini dariya. Kuma kar in ce na iya abin da ban iya ba."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Umma.

"Amin," in ji Baba. Ya juya. "Ke fa, Auta? Me kika koya?"

Auta ta kalli bishiyar birai. Ta daɗe tana tunani.

"Su suna da sukari, ba su da shayi," in ji ta. "Mu muna da shayi, ba mu da sukari. Baba, in mun sauka mu gayyace su, amma kowa ya zo da kofinsa."